Murfin Teh Kokom Bai Taɓa Yoyo Ba

Har yau idan na ji wani a filin tsere yana cewa wai akwai shekarar da murfin Teh Kokom ya yi yoyo, sai in ajiye abin da ke hannuna in je in same shi. Bai yi yoyo ba, bai taɓa yi ba, kuma duk garinmu Bogor babu wanda ya kai ni sanin haka, domin da hannuna na cire murfin ranar da abin ya faru. Sunana Dayat. Aikina jan motocin tsere a kan buɗaɗɗiyar tirela, wadda ba ta da bango balle rufi, shekara ashirin da uku ke nan.

Teh Kokom maɗinkiyar tamfol ce, kuma gadon abin ta yi. Teh a wajenmu kamar a ce Yaya ne. Mahaifinta, Mang Sobari, rumfar keken fasinja yake ɗinkawa a bayan kasuwa, shagonsa jikin katangar gidanmu. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, mutane suka yi ta tausaya masa kamar wanda gobara ta cinye, alhali yarinyar nan tun tana shekara tara ita ke shafa wa zare kaki, tana sha huɗu ta fi shi iya kusurwa. Da kekunan suka ja baya sai ta koma rumfunan masu soya kifi a bakin titi, daga nan ta koma tamfol ɗin manyan motoci. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, da wannan keken ɗinkin ta raine su har ta aurar. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, ta goya ni, shi ya sa ko da furfura ta fito mini ba ta daina kirana Jang ba, yadda ake kiran ƙaramin yaro. Ita kaɗai na yarje wa wannan.

Koh Abun bakanike ne ya fara kawo mata motar tsere. Irin motocin nan ne marasa rufi, kujera ɗaya tal, ga bututun shaƙar iska guda huɗu a bayan kan direba, bakinsu a buɗe yana kallon sama. A garin da ruwa ke sauka kusan kowace la'asar, ɗora irin wannan mota a tirela neman magana ne. Abin da kowa ke yi a lokacin shi ne ya lulluɓe ta gaba ɗaya da tamfol ya ɗaure da igiya, ita ma da farko haka ta ɗinka. Da muka isa filin, fenti ya koɗe a kafaɗun motar kamar an dirje shi da yashi, ruwa kuma ya cika ƙasan kujera.

Da wata ce, da ta ce ai ita ɗinki aka sa ta, ba tuƙi ba. Ita kuwa aron babur ta yi, ta sa rigar leda, ta bi bayan tirelata cikin ruwa har sau uku, don kawai ta ga abin da iska ke yi wa ƙyalle a kan hanya. A karo na uku ta sauka tana rawar ɗari ta ce da ni, "Jang, ashe ba daga sama yake shiga ba. Iska ce ke ɗaga tamfol ta ƙasa ta cusa shi, sannan ta yi ta marin fenti da shi. A bar jikin mota ya sha ruwa, ai ba gishiri ba ne. Wuri biyu kawai za a tsare."

Daga nan ta fito da nata salon. Murfi ne ɗan ƙarami da ke rufe ramin direba kaɗai, a ɗame kamar fatar ganga, da lanƙwasasshiyar gora a ƙarƙashinsa don kada ruwa ya sami wurin kwanciya. Kowane ɗinki ninki biyu ne, ta bi shi da kaki. Sai 'yan safa huɗu da ake sa wa bututun nan, duka a haɗe da jan kirtani ɗaya da ake ɗaurawa a sitiyari, yadda ko mai mantuwar gaske ba zai ta da mota da su ba. A kusurwar kowane murfi takan yi ɗinki uku da jan zare, alamar mahaifinta. Ba ta da littafin awo. Kowace mota tana da igiyarta mai ƙulle-ƙulle a rataye jikin ƙusa, kuma ko ido rufe ta shafa igiya za ta gaya maka ta wace ce. Shekara goma sha shida tana wannan aiki, ba a taɓa samun ɗigo ɗaya a kujerar kowa ba. Masu motocin nan manyan mutane ne, amma a shagonta a kan benci suke zama su jira, tana yi musu faɗa a kan ninke murfi da danshi.

Sai Allah ya haɗa mu da Pak Gunadi. Pak a wajenmu kamar a ce Malam ne, kiran girmamawa ga babba ko wanda ba a saba da shi ba. Dillalin tayil ne, ya yi kuɗi da rana tsaka, ya sayi wata tsohuwar mota koriya mai kyan gaske, ya ɗauki Koh Abun yana kula da ita, ni kuma ina ja. Mutum ne da ba a gaya masa magana sau biyu, don ta farkon ma ba ji yake ba. Ana saura mako biyu tseren ƙarshen shekara Teh Kokom ta ɗinka wa motar sabon murfi da safa, ta auna, ta gwada, ya zauna daram.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je garejin Pak Gunadi na ɗora motar, na ɗaure tayoyi, na sa murfi da safa. Koh Abun ya riga ya wuce filin da kayan aiki. Ta wajen dutse hadari ya haɗu baƙi ƙirin, irin wanda ko akuya ta gani ta san ta nemi rumfa. Ina cikin duba ƙugiyoyi sai ga Pak Gunadi ya fito da wani dattijo mai baƙaƙen kaya, Abah Emod, mai ɗaure ruwa, wato wanda ake biya ya hana ruwan sama sauka. Dattijon ya bi kusurwoyin tirela huɗu yana soke tsinke mai barkono da albasa, ya kunna turare.

Ni ba ni da ta cewa a kan masu ɗaure ruwa. A bikin ƙanwata ma an kira wani, an ba shi taba da kofi ya zauna bayan gida. Amma ko a bikin ai sai da aka kafa rumfa. Ban taɓa ganin wanda ya kira mai ɗaure ruwa sannan ya kwashe kwanon ɗakinsa ba, sai ranar.

Abah Emod ya tsaya ya ƙura wa murfin ido, ya girgiza kai. "Wannan fa? Ni ina can ina roƙon ruwa ya kauce, ku kuna nan kuna yi masa shimfiɗa. Wanda ya rufe mota ai gayyatar ruwa ya yi. Kwana ukun nan ba lema, ba murfi."

Pak Gunadi ya ce, "Ka ji. Cire shi, Dayat."

Na ce, "Pak, dubi sama mana."

"Kai aka biya ka duba sama ko shi? Motar nan ma so nake a gan ta a hanya. An kashe mata fenti, sai a kai ta a ƙudundune kamar mai zazzaɓi?"

"To ko safar a bari, Pak. Ai ba a ganinsu sosai."

Dattijon ya ce, "Safa ma sutura ce. Kuma kada a tafi da su. In suna cikin mota, zuciya na kansu."

Haka na cire murfin da safar, na ninke su yadda Teh Kokom ta koya mini, Pak Gunadi ya karɓa ya cusa bayan tarin tayoyi. Na san ba daidai ba ne. Amma motocin abokansa uku duk ni ke ja, kuma baki ɗaya zai yi su bar ni.

Ko minti ashirin ba mu yi a babbar hanya ba aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Pak Gunadi yana bina a baya cikin rufaffiyar motarsa, shi da Abah Emod, a bushe, yana ta danna mini oda kamar ni na kira hadarin. Muka tsaya wajen wata mai sayar da ayaba, ya saye shuɗin tamfol ɗin da ta rufe kayanta da shi, ya sa ni na lulluɓe motar na ɗaure da igiyar leda. Wato ainihin abin da Teh Kokom ta yi shekara goma sha shida tana hana mutane. Ina kallo ta madubi tamfol ya kumbura ya faɗa, ya kumbura ya faɗa, yana ta zabgar fenti. Can sai ya lotsa daidai kan bututun nan ya tara ruwa, da na taka burki a wata kwana igiya ta tsinke, duk abin da ya tara ya juye a ciki.

Kafin mu shiga ƙofar filin ya tsayar da ni, ya fizge tamfol ɗin ya wurga a kwata, ya zare tsinkayen barkono. Muka goge motar da tsumma, aka kunna wa kujera fanka. Abah Emod ya ce akwai mai shakka a cikin tafiyar, shi ya ɓata aikin, ya hau acaɓa ya tafi abinsa. Pak Gunadi ya dube ni ya ce, "Ka ga wani abu yau?" Na ce ban ga komai ba.

Ga inda abin ke ƙona mini rai. Da safiyar Asabar Koh Abun ya zo zai ta da mota, ya tambaya, "Jiya an sa safar Teh Kokom?" Da an ce masa a'a, filogi huɗu kawai zai kwance ya juya inji ruwan ya fita, aikin da bai kai shan kofi ɗaya ba. Amma faɗin a'a yana nufin Pak Gunadi ya amsa a gaban abokansa cewa barkono da albasa ya sa su tsare masa mota. Sai ya ce, "An sa mana. A bakin ƙofa na cire." Koh Abun kuwa ya yarda da safar nan fiye da yadda ya yarda da idonsa, bai ƙara dubawa ba. Ya danna, injin ya yi juyi ɗaya ya buga, ƙara ɗaya mai nauyi, ya yi tsit.

Mutane suka taru. Koh Abun ya kwance filogi, ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa masa riga. Ina tsaye da kofin kofi a hannuna Pak Gunadi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Kun ga aikin matar nan ko? Sabon murfi fa. Kun bi kun ɗaure wa mai ɗinkin rumfar kifi gindi, ga sakamakon." Koh Abun ya juyo ya kalle ni. Na sunkuyar da kai na kurɓi kofi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wadda ba ta ma san an yi hadari ba ita ya doka. Kafin Litinin labari ya zaga. Mutanen da ta yi shekaru tana tsare wa kujeru, waɗanda ba su taɓa zama kan danshi ba saboda ita, su ne suka fara cewa dama su ma sun ɗan lura. Ƙarya suke, ba abin da suka lura. Biyu suka aiko a dakatar da ɗinkinsu, wasu suka shiga waya suna odar murfin ƙasar waje mai walƙiya. Babu ko ɗaya da ya taka zuwa shagonta ya ji ta bakinta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ita ta yarda. Ba ta ce an yi mata sharri ba, ta ɗauka hannunta ne ya fara tsufa. Na leƙa shagon ran Laraba na tarar ta warware murafan da ta gama, tana bin ɗinki ɗaya bayan ɗaya da tabarau a ƙarshen hanci, shinkafarta a gefe ta huce ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Jang, kai ka ja motar. Ta ina ya shiga? Ta wajen gora ko ta safa?"

Na ce, "Wallahi ban lura ba, Teh. Ruwan ya yi yawa."

"Ruwa ai kullum da yawa yake. Ka roƙa mini Pak Gunadi ya ba ni murfin in gani. Ba jayayya zan yi ba, so nake in san inda na kuskure."

Na kai saƙon, Pak Gunadi ya ce ya yar. Na dawo na gaya mata haka, ta ce to, ta zuba mini shayi kamar kullum. Na sha, kunya ba ta kashe ni ba.

Koh Abun ne ya tono abin, ba da niyya ba. Yana neman taya a gareji sai ga murfi da safa a ninke. Ya ɗauka ya kai wa Teh Kokom. Shi ya ba ni labari daga baya, ya ce ta shimfiɗa shi a tebur, ta shafa, ta shinshina. Murfin da ya bi hanya cikin ruwa jar laka kan fantsama masa, ƙugiyoyinsa su yi tabo. Wannan kuwa ƙurar gareji ce kawai a jikinsa, kakinsa ko dusashewa bai yi ba. Ta daɗe tana kallon ninkin, sannan ta ce, "Wannan ninkin Dayat ne."

Mako uku cif da bugawar injin, ranar Asabar ta gwaji, ta iso filin a kan babur da murfin a baya. Ba ta gai da kowa ba. Ta je daidai gaban rumfar Pak Gunadi, inda ake sa wa koriyar motar wani inji, ta ɗaure kusurwoyin murfin huɗu a jikin ƙarafa, ya zama kamar ƙwarya a sama. Ta ari bokiti ta yi sawu huɗu zuwa famfo ta juye a ciki. Ta cika safar nan huɗu da ruwa ta rataye su a gefe. Sannan ta ajiye 'yar kujera a ƙarƙashi, ta zauna, ta baza farin ƙyalle a cinya ta kama ɗinkin hannu.

Tun ƙarfe tara take zaune. Mutane suka riƙa zuwa suna leƙawa, wani ya shafa ƙasan murfin ya duba tafin hannunsa, wani ya ɗauki hoto. Wani daga cikin masu odar ƙasar waje ya ce, "Teh, ba kya tsoron wanka?" Ba ta ɗago ba ta ce, "In ya ɗiga ka zo da sabulu." Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, farin ƙyallen nan yana nan a bushe.

Da aka kira azahar Pak Gunadi ya ga taron ya yi yawa, ya fito yana dariyar yaƙe. "Wannan ai wasan yara ne. A tsaye daban, a kan hanya daban. Iska ce ke buɗe shi, ku tambayi direbana."

Duk aka juyo gare ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce murfin nan bai taɓa hawa hanya ba. Na faɗi zancen Abah Emod da barkono da albasa, da mai ayaba, da kwatar da aka jefa tamfol, har da tambayar da Koh Abun ya yi da amsar da aka ba shi. Sai wani ya ce, "Albasa nawa aka sa, Pak? Ko ta yi kaɗan ne?" Aka fashe da dariya. Koh Abun bai yi dariya ba, ya tattara sifanoninsa ya bar injin a buɗe. Pak Gunadi ya shiga motarsa ya tafi. Har yau bai ba ta haƙuri ba, abin da yake faɗa wai direba ne bai fahimci umarni ba. Kafin dare shi da abokansa uku sun sallame ni, kuma ban yi kuka da wannan ba.

Na ɗauka na yi abin kirki. Da taro ya watse na je ina taya ta kwance igiya, ƙirjina wasai, ina jiran ta ce wani abu. Ta karkata murfin ruwan ya zube a ƙasa, ta goge shi tas, ta ninke da kanta, ba ta bar ni na taɓa ba.

Na ce, "Teh, na faɗa musu gaskiya."

Ta ce, "Na ji. Da ran Larabar nan ka faɗa, ina warware ɗinkina ina zargin hannuna, da shaida ce. Yau kam tamfol ya riga ka magana." Ta ɗaure kayanta a bayan babur, ta ce, "A sauka lafiya, Pak Dayat."

Aiki ya dawo mata, har da na waɗanda suka gudu, don murafan ƙasar wajen ba su kai ƙarshen damina ba. Ba ta yi wa kowa gori ba, ta dai sa su jira a benci. Yanzu shekarunta sittin da biyar, tana nan bayan kasuwa tana ɗinki uku da jan zare a kowace kusurwa, kuma duk motar da na ja da murfinta nake ja. Igiyar awon koriyar motar tana nan a jikin ƙusa, ba ta yar ba, ta ce motar ba ta yi mata komai ba. Ina zuwa shagon, tana zuba mini shayi, tana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Shekara shida ke nan, ba ta ƙara kirana Jang ba.